Joseph Tarka da Jam'iyyar da Aka Haifa a Kafanchan

A ƙarshen shekarar 1954 aka yi zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya. Kujeru 184 ne a majalisar, 92 daga cikinsu na Jihar Arewa, kuma jam'iyyar NPC ta Sardaunan Sakkwato ce ta kwashe mafi yawansu. Cikin 'yan tsirarun da suka tafi Legas daga Arewa ba da tutar NPC ba, akwai wani malamin makaranta daga ƙasar Tibi, ɗan shekara 22, wanda bai tsaya ƙarƙashin ko ɗaya daga manyan jam'iyyu uku na zamanin ba. Sunansa Joseph Sarwuan Tarka. Shekara uku bayan haka ya zama shugaban wata jam'iyya da aka ƙulla a Kafanchan, kuma daga nan har rushewar Jamhuriya ta Farko babu wanda ya kai shi ɗaga murya a kan buƙatar ƙananan ƙabilun Arewa su samu jiha tasu ta kansu. Mutumin Binuwai ne, amma tarihinsa ya ratsa ta Kudancin Kaduna, kuma maganar da ya ɗauka a ka har yau ba ta mutu ba a wannan yanki.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Tarka ranar 10 ga Yuli, 1932, a ƙauyen Igbor da ke ƙasar Tibi, cikin Lardin Binuwai. Mahaifinsa, Tarka Nachi, malamin makaranta ne wanda daga baya aka ba shi sarautar yankin Mbakor. Yaron ya yi firamare a Gboko, ya yi midil a Katsina-Ala, sannan ya tafi Bauci ya yi karatun koyar da kimiyyar noma da rayuwar karkara. Da ya gama ya kama aikin koyarwa.

A wancan zamani malamin makaranta babban mutum ne a karkara. Shi ke karanta wa manomi takardar haraji, shi ke rubuta masa wasiƙa zuwa ga ɗansa da ke soja ko ke haƙar kuza a Jos, shi ke fassara maganar Di'o idan ya zo rangadi. Saboda haka da aka buɗe ƙofar zaɓe, malamai ne suka fara shiga. A Arewa zaɓen 1954 hawa-hawa ne: magidanta masu biyan haraji su zaɓi wakilai a ƙauye, waɗannan su zaɓi wasu a gunduma, har a kai ga rukunin ƙarshe da zai fitar da ɗan majalisa. Tsari ne da ke ba sarakuna da ma'aikatan En'e ƙarfi sosai, domin a kowane mataki idonsu na kan masu zaɓe. Duk da haka Tarka ya ratsa matakan, ya fito wakilin mazaɓar Jemgbagh.

Kafanchan, mahaɗar jiragen ƙasa da mahaɗar koke

Kafin a fahimci abin da ya haɗa ɗan Tibi da Kafanchan, sai an dubi hanyar jirgin ƙasa. A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal, ya bi ta Inugu da Makurdi, ya haɗe da Kaduna, kuma a Kafanchan reshen Jos ya balle. A 1932, shekarar da aka haifi Tarka, aka buɗe babbar gadar Makurdi a kan kogin Binuwai, jirgi ya riƙa wucewa kai tsaye ba sai an tsallaka da taragai ta ruwa ba. Kwal na hawowa daga Inugu, kuza na gangarowa daga Filato, duk ta tasha ɗaya. Ƙasar Fantswam da a da ƙauyuka ne ta zama gari mai ma'aikatan reluwe daga kowace kusurwa ta ƙasa, har Sarkin Jama'a ya maido fadarsa nan a 1933. Wanda ya taso daga Makurdi, da wanda ya taso daga Jos, da wanda ya taso daga Kaduna, duk Kafanchan ce tsakiyarsu.

Mutanen da ke kewaye da tashar kuwa suna da nasu koke. Bajju da Atyap da Adara da wasu ƙabilu da dama suna ƙarƙashin hakiman da ake naɗowa daga Zariya, Gwong da Nikyob da Fantswam da Ninzo kuma ƙarƙashin Masarautar Jama'a. Turawan mulkin mallaka sun riƙe wannan tsari saboda ya sauƙaƙa musu tara haraji. Ƙasashe uku ne kawai, Kagoro da Jaba da Marwa, aka bar su da sarakunansu masu cin gashin kai, kuma ganin haka ya sa maƙwabtansu tambayar me ya hana su ma a yi musu haka. Abubuwan da ake kuka da su sanannu ne: haraji, aikin tilas, shari'a a gaban alƙalin da ba ya bin al'adar mai ƙara, da rufe ƙofar aikin En'e ga 'ya'yan yankin. A 1942 Bajju suka yi bore, a 1946 Atyap suka yi nasu a Zangon Katab. A gefe guda kuma makarantun mishan, tun daga tashar da SIM ta kafa a Kwoi a 1910, suna fitar da malamai da masu bishara waɗanda suka iya karatu da rubutu, suka iya rubuta takardar koke da hannunsu.

Irin waɗannan mutane, daga Filato da Kudancin Zariya da Adamawa, su suka kafa ƙungiyar waɗanda ba Musulmi ba ta Arewa a 1949, ƙarƙashin Fasto David Lot. Ba a jima ba aka ga cewa sunan ya ƙuntata tafiyar, domin a yankin akwai Musulmi da yawa masu irin wannan koke, sai aka mayar da ita Middle Zone League a 1950. A 1953 wata ƙungiyar ta ɓullo, Middle Belt People's Party. A 1955 ɓangarorin biyu suka haɗu a Kafanchan suka narke cikin jam'iyya ɗaya, United Middle Belt Congress, wadda aka fi sani da UMBC. Buƙatarta ɗaya ce babba: a yanke Jihar Tsakiya daga cikin Jihar Arewa.

Shugaba cikin shekararsa ta 25

Haɗuwar ba ta daɗe lafiya ba. Dattawan tafiyar, irin su Fasto Lot, suna ganin zama da NPC ya fi, a nemi gyara daga cikin gida. Matasa kuwa suna ganin wanda ya karɓi kujera a gwamnatin Kaduna ba zai iya neman a raba ikon Kaduna ba. A taron da aka yi a Lafiya a 1957 ra'ayin matasa ya yi rinjaye, aka zaɓi Tarka shugaba, Patrick Dokotri ɗan ƙabilar Birom ya zama babban sakatare. Tarka na cikin shekararsa ta 25.

Jam'iyyar ba ta da kuɗi, ba ta da jarida, ba ta da motocin yawon kamfe, ba ta da lauyoyin da za su fito da 'ya'yanta idan an kama su. Wannan ne ya tura Tarka ƙulla ƙawance da jam'iyyar Action Group ta Cif Obafemi Awolowo, wadda ita ma ke goyon bayan ƙirƙiro sababbin jihohi. Ƙawancen ya kawo motoci da lauyoyi, amma ya kawo abin zargi. 'Yan NPC suka samu abin faɗa, cewa UMBC 'yar amshin shatar Awolowo ce, an ɗauko ta ne don a karya Arewa.

Adalci ne a faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Taken NPC shi ne Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, ba tare da bambancin addini ko ƙabila ba. Sardauna na ganin Arewa ta yi baya a ilimin boko, kuma yawanta da haɗin kanta ne kaɗai kariyarta a gaban Kudu. Ya jawo 'ya'yan yankin Tsakiya cikin gwamnatinsa, irin su Michael Audu Buba, ya kuma buɗe musu ƙofar aikin gwamnati da na soja. Sannan akwai Hausawa da Fulani da suka yi ɗaruruwan shekaru a garuruwa irin su Zangon Katab da Jama'a, waɗanda ke tsoron su koma 'yan tsiraru idan an ja sabuwar iyaka. Amsar Tarka ita ce, haɗin kan da ba a tambayi mutum ra'ayinsa a kansa ba, ba zai ɗore ba, kuma muƙamin minista ɗaya ko biyu ba ya sauya wanda ke yanka wa manomi haraji a ƙauye.

Landan da Hukumar Willink

A 1957 Tarka ya halarci taron tsarin mulki a Landan, inda maganar ƙananan ƙabilu ta taso daga dukan jihohi uku. Gwamnatin Ingila ta kafa hukuma ƙarƙashin Sir Henry Willink don ta binciki tsoron da ƙananan ƙabilu ke ji da hanyar kwantar musu da hankali. Hukumar ta zagaya ƙasa, ta saurari shaidu, ta karɓi takardun koke. A 1958 ta fitar da rahotonta. Ta yarda akwai tsoro, kuma wani na da tushe, amma ta ƙi ba da shawarar a yi sababbin jihohi. A maimakon haka ta ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, a kuma ƙarfafa 'yan sandan tarayya. A taron Landan na 1958 Sakataren Mulkin Mallaka, Alan Lennox-Boyd, ya nuna cewa idan aka nace sai an yanka jihohi, to za a ɗage ranar samun 'yanci. Babu shugaban da zai iya komawa gida ya ce shi ya jinkirta 'yancin kai. Haka Najeriya ta shiga 1960 da jihohi uku, Arewa ta fi sauran biyun a haɗe girman ƙasa.

Zaɓen 1959 da wutar da ta biyo baya

A zaɓen Disamba 1959 NPC ta samu kujeru 134, jam'iyyar NCNC da ƙawayenta 89, Action Group da nata ƙawayen 73, daga ciki 25 a Arewa. Ƙasar Tibi ta bi Tarka kusan gaba ɗaya. Ya koma Legas a ɓangaren 'yan adawa, a bayan Awolowo.

Zama ɗan adawa a Arewa a lokacin ba ƙaramin aiki ba ne. Jam'iyya ba ta da ikon yin lacca sai ta nemi izini a rubuce daga En'e, En'e kuwa na hannun masu goyon bayan gwamnati. Idan an hana izini aka yi taron, 'yan doka su zo su watsa shi. Idan an ba da izini, kalma ɗaya da aka ɗauka zagin sarki ce ta isa a kai mai magana gaban kotun gargajiya, a ɗaure shi wata shida ba tare da lauya ba. Mai goyon bayan adawa na iya tarar da an ƙara masa haraji, ko an hana shi rumfa a kasuwa. Abin da 'yan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano suka sha a Kano da Zariya, shi 'yan UMBC suka sha a Gboko da Pankshin da Kudancin Zariya.

A ƙasar Tibi, inda jama'a suka zaɓi jam'iyya ɗaya amma masu mulkinsu na gida ke yi wa wata aiki, tura ta kai bango. A 1960 aka yi ta ƙone gidajen masu sarauta da 'yan NPC, aka kama dubban mutane. A 1964 rikicin ya dawo da muni, aka kashe mutane da yawa, har gwamnatin tarayya ta tura soja. Wannan babi ne mai duhu a tarihin tafiyar. Magoya bayan Tarka na cewa zalunci ne ya haifi tarzomar, abokan hamayyarsa na cewa jam'iyyarsa ce ta hura wutar. Ko ta wace fuska aka duba, talakawan Tibi ne suka mutu a hannun 'yan uwansu, kuma duk wanda zai yabi Tarka da gaskiya dole ya ambaci wannan.

A 1962 aka gurfanar da shi tare da Awolowo da wasu bisa zargin shirya kifar da gwamnati. Mai shari'a George Sowemimo ya ɗaure Awolowo shekara 10 a 1963, Tarka kuwa aka sallame shi. Da Action Group ta raunana, sai ya juyo gida ya haɗa kai da Malam Aminu Kano, UMBC da NEPU suka kafa gamayyar 'yan ci-gaban Arewa, wadda ta shiga babban ƙawancen UPGA a zaɓen 1964. Wannan haɗuwa tana da muhimmanci ga mai karatu na yau. Ta nuna cewa Tarka da Malam Aminu sun gane talakan Kano da manomin Zonkwa abu ɗaya ke damunsu, wato mulkin da ba ya jin maganarsu. A duk tsawon Jamhuriya ta Farko jiha ɗaya tak aka ƙirƙiro, ta Tsakiyar Yamma a 1963, daga cikin yankin 'yan adawa. Ba a taɓa Arewa ba.

Jihohi 12, da rabon Kafanchan

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya kawo ƙarshen jam'iyyu. Bayan juyin mulki na biyu a watan Yuli, mulki ya faɗa hannun Yakubu Gowon, ɗan ƙabilar Angas da ya tashi a Wusasa, yana da shekara 31. A taron tsarin mulki na Satumba 1966 Tarka na cikin tawagar Arewa, kuma yana cikin masu cewa ƙasa ta zauna ɗaya amma a raba ta jihohi. Ranar 27 ga Mayu, 1967 Gowon ya raba Najeriya jihohi 12, shida a Arewa. Aka yi Jihar Binuwai da Filato mai hedikwata a Jos, aka yi Kwara. Abin da aka ce ba zai yiwu ba a 1958 ya tabbata cikin jawabi ɗaya na rediyo.

Amma Kafanchan, inda aka haifi UMBC, ba ta shiga cikin rabon ba. Ita da dukan Kudancin Zariya aka sa su a Jihar Arewa ta Tsakiya tare da Zariya da Katsina, jihar da aka sake wa suna Kaduna a 1976. Tibi da Birom da Angas sun samu abin da suka nema, Bajju da Atyap da Ham da Gwong suka ci gaba da jira.

Gowon ya naɗa Tarka Kwamishinan Sufuri na Tarayya a 1967, daga baya ya koma ma'aikatar sadarwa. Ya yi wa gwamnati aiki duk tsawon yaƙin basasa. A 1974 wani ɗan kasuwa ɗan ƙabilarsa, Godwin Daboh, ya yi rantsuwa a kotu yana zarginsa da almundahana. Jaridu suka ɗauki maganar, matsin lamba ya yi yawa, Tarka ya yi murabus. Ba a yanke masa hukunci a kan zargin ba, amma tabon ya bi sunansa. A 1976 Janar Murtala Muhammed ya mai da jihohi 19, Binuwai ta tsaya da ƙafarta.

Komawa cikin tsofaffin abokan hamayya

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, Tarka ya ba mutane da yawa mamaki. Bai bi Awolowo ba, bai bi Malam Aminu ba, sai ya shiga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar NPN tare da tsofaffin 'yan NPC. Hujjarsa a fili take: an riga an samu jihohi, abin da ya rage shi ne mutanensa su zauna inda ake yanke shawara, bayan shekaru suna ɗanɗana kuɗar adawa. Ya nemi takarar shugaban ƙasa tare da Shehu Shagari da Maitama Sule da Adamu Ciroma da Olusola Saraki da Iya Abubakar, Shagari ya yi nasara. A 1979 aka zaɓe shi sanata, NPN ta ci Binuwai, Aper Aku ya zama gwamna. Bai cika shekara a Majalisar Dattawa ba. Ya rasu a Landan ranar 30 ga Maris, 1980, yana da shekara 47. A yau akwai ƙaramar hukuma mai sunansa a Binuwai, kuma jami'ar aikin gona ta tarayya da ke Makurdi sunansa take ɗauke da shi.

Abin da ya rage a Kudancin Kaduna

Maganar da aka taru a kanta a Kafanchan a 1955 ta ci gaba da dawowa, wani lokaci ta hanya mai zafi. Rikicin Maris 1987 daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya faro, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da wasu garuruwa. A 1992 aka yi na Zangon Katab, inda aka yi asarar rayuka masu yawa. Sai bayan wannan, a 1995, gwamnatin Kanar Lawal Ja'afaru Isa ta ba Atyap da Bajju masarautunsu, sannan Gwamna Ahmed Makarfi ya ƙara wasu da dama a farkon shekarun 2000. A 2010 Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, ya zama gwamnan Kaduna na farko daga yankin. Jihohi sun kai 36 tun 1996, kuma neman Jihar Gurara na nan ana yi. Da an saurari koken tun lokacin da ake kawo shi a rubuce, da an tsira da rayukan Musulmi da Kirista masu yawa.

Akwai kuma darasi na biyu, game da ƙofar da Tarka ya shiga. Tsarin mulkin 1999 ya ce ba mai tsayawa takara sai jam'iyya ta tsayar da shi. Dokar rage shekarun takara da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018 ta sauko da shekarun shiga Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25, amma ba ta buɗe hanya ga ɗan takara mai zaman kansa ba. Ke nan malamin makaranta ɗan shekara 22 ba zai iya maimaita abin da Tarka ya yi a 1954 ba, ko da dukan mazaɓarsa na bayansa. A wasu ƙasashe hanyar a buɗe take. A Ailan, wani malamin makaranta mai suna Tony Gregory ya ci kujerar majalisa a tsakiyar birnin Dublin a 1982 ba tare da jam'iyya ba, kuma da Charles Haughey ya buƙaci ƙuri'arsa don ya kafa gwamnati, sai da Haughey ya sa hannu a kan yarjejeniyar gina gidaje da samar da ayyuka ga unguwannin talakawa.

Tarka ba waliyyi ba ne. Ya yi ƙawancen da ya jawo masa zargi, an zubar da jini a zamanin jagorancinsa, ya bar muƙami cikin tuhuma. Amma ya ɗauki koken mutanen da ba a jin muryarsu ya kai shi Legas da Landan tun yana saurayi, kuma taswirar Najeriya ta yau ta fi kusa da abin da ya nema fiye da abin da abokan hamayyarsa suka kare. Kira a nan ga 'yan majalisarmu shi ne su gyara tsarin mulki a ba ɗan takara mai zaman kansa dama. Ga matasan Kafanchan da Zonkwa da Kwoi da Kachia da Saminaka kuma, Musulminsu da Kiristansu, ku yi rajista, ku shiga tarukan mazaɓa, ku kai kokenku ta hanyar ƙuri'a da takarda, ku kuma nemi abokan tafiya a wajen ƙabilarku da addininku kamar yadda Tarka ya nemi Malam Aminu Kano.